Farar Baƙuwa a Tsamiyar Iya Uwani

"...da gida? Ya kwanan amarya? Ya sanyin damina a tsofaffin ƙasusuwa?"

"Lafiya lau, Maigida. Ƙasusuwana sun fi naka ƙwari. Ina ka nufa da hantsin nan, da tulu a baya kamar mai tallan ruwa?"

Iya Uwani ce zaune a gindin tsamiyar da ke bakin gonarsu a Darki, ƙwaryar ganyen tafasa a gabanta, ta gama tsinka tana hutawa. Mai gaisuwar kuwa jikanta ne Yahuza, magidanci mai 'ya'ya uku. Sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa ba ta kama sunansa, sai dai Maigida. Farkon damina ne, 'yan makonni da soja suka miƙa mulki ga farar hula, gero bai wuce idon sawu ba. Abin da ke goye a bayan Yahuza injin feshi ne da ya aro a Lajawa, cike da maganin ƙwari, kuma mai shi yana son abinsa kafin azahar.

"Ba tulu ba ne, tsohuwa, injin feshi ne," in ji Yahuza. "Tashi ki matsa can, tsamiyar nan zan fesa. Kar in haɗa da ke a ce na kashe matata."

"Da ka huta da cefanen da ba ka taɓa yi ba. Me tsamiya ta yi maka?"

"Ɗaga kai ki gani."

"In ga me? Da idon da yana ta cinye? Ni yanzu ko kai ina ganinka ne kamar ƙullin kayan wanki. Sai da ka yi magana na san mutum ne."

Yahuza ya matsa jikin bishiyar. Tun jiya ya gan su, yau sun ƙaru: wasu ƙwari masu fikafikai, farare, sun lafe a jikin ɓawon tsamiyar har zuwa rassa, ba sa ko motsi.

"Wasu baƙi ne suka sauka," ya ce. "Kamar malam-buɗe-littafi, amma ba shi ba ne. Sun fi kama da faɗa-wuta. Sun fi ɗari. Na duba ɗan littafin da malamin gona ya ba ni shafi-shafi, babu su a ciki."

"Littafin me?"

"Na ƙwarin da ke ɓata amfanin gona."

"To, littafin masu laifi ke nan. Ka duba ba ka ga sunanta ba, shi ne za ka kashe ta?"

"Ai shi ne abin tsoron! Wadda aka sani an san maganinta. Kin manta bara tsutsa ta cinye mini wake, muka shekara ba ki ci alala ba? Waɗannan in suka zuba ƙwai, tsutsarsu ta gangaro gona, bana ma haka za a yi."

"Ikon Allah. Soja sun koma bariki, kai yanzu ka fito da taka bindigar. Ba ka ji a rediyo ba? An daina kama mutum a ɗaure ba a tambaye shi ba. Sauke tulun nan, a yi wa baƙuwa tambayoyi."

"Wa zai yi mata? Ke da ba kya gani?"

"Kai ne idon, ni ce kan. Dama haka aurenmu yake."

Yahuza ya duba rana, ya ga da sauran lokaci. Bai sauke injin ba, amma ya jingina da bishiyar.

"To, tambayi. Ai na san duk ƙwarin ƙasar nan sa'anninki ne. An ce ke kika yi wa sauro wankan jego."

"Ni ce. Kuma ya fi ka kunya, shi in zai zo wurina sai ya yi sallama. Faɗa mini, fikafikan a buɗe suke ko a rufe?"

"A kife, kamar jinkar ɗaki."

"Fari tas?"

"Fari mai ɗan duhu, kamar nono. Da zane ruwan ƙasa, layi biyu, sun haɗu kamar an ja da tsinke. Bakin fiffiken ma an bi shi da layi."

"Ashe mai kwalliya ce. Jikin fa?"

"Gajere, mai kauri, duk gashi. Gindin da wani tuttun gashi ja-ja."

"Gajere, mai kauri, duk gashi. Maigida, ƙwaron nake tambaya, ba kai ba."

"Ki dai yi a hankali, igiya ɗaya ta rage tsakaninmu."

"Tsinka ta. Jiya ma mai goro ya tambaye ni ko mijina yana nan da rai."

"Mai goro yana neman wanda zai saya ne, shi kuma bai san ba ki da haƙori ba. To, kin gane ta?"

Iya Uwani ta juya ganyen tafasa a hannu.

"Ban gane ta ba," ta ce.

"Alhamdu lillahi! Yau tsohuwa ta ce ba ta sani ba. Bari in kira mai shela. Tashi, rana tana yi."

Ya kama hannun injin ya fara bugawa, ya ɗaga kai yana neman inda zai soma. Sai ya tsaya.

"Af, har gida suka yi. Ga wata jaka can a maƙale a tsakanin rassa, kamar tsohuwar hular da aka manta. Ga wata ma. Wasu suna fitowa daga ciki."

"Jaka?" Muryarta ta sauya. "Wace iri?"

"Ruwan ƙasa. Ta kai tafin hannu biyu."

"Dakata da bugun nan. Hau ka sauko mini da ɗaya. Wadda ba kowa a ciki."

"In hau bishiya? Ni da 'ya'ya uku?"

"Kakanka yana da bakwai ya hau rimi ya ciro mini zuma. Amma shi namiji ne."

Wannan ta ishe shi. Ya sauke injin, ya tuɓe takalma, ya kama reshe yana nishi, ita kuma tana daga ƙasa tana cewa ta ji bishiyar tana kuka. Can ya diro da abin a hannu: wata jaka mai tauri kamar busasshiyar fata, da 'yan ƙofofi a gefe inda masu gidan suka fice.

"Ga ta. Karɓi."

"A'a, riƙe dai. Hannuna da tafasa. Yage ta, ka ga cikin."

Ya yage da ƙyar. Ciki wasu ƙananan kwasfa ne a jere, a cushe, da wani gari-gari da guntayen gashi.

"Goga a damtsenka ka ji ko da laushi."

Ya goga. Ya sake gogawa.

"Ba laifi, da ɗan laushi. To sai me?"

"Sai mu jira."

"Mu jira me?"

"Ya 'ya'yan? Na ji an ce ƙaramin ya fara tafiya. Allah ya sa kar ya ɗauko tafiyarka."

"Tafiyata me ta... Kai! Wayyo! Iya, me ke cikin abin nan?"

Yahuza ya yar da jakar ya kama susa. Damtse ya yi ja, 'yan yatsu suka ɗauka, ya kai hannu wuya, wuya ma ya ɗauka. Iya Uwani kuwa ta kama dariya har tana riƙe ciki, ɗankwalinta ya zame.

"Yana ci kamar barkono?"

"Kamar an watsa mini ƙaiƙayi!"

"To ita ce! Wallahi ita ce!"

"Ita ce wa? Kin san haka zai yi kika ce in goga?"

"Ido ba ni da shi, fatar jikina kuma ta tsufa ba ta jin komai. Dole in ari taka. Ai amfanin miji ke nan."

"Na sake ki! Saki uku!"

"Na karɓa. Zauna in gaya maka wadda ka zo kashewa."

Ya zauna a kan saiwa yana susa. Ta laluba da sandarta ta jawo jakar kusa da ita, ta sa ganye ta ɗauka.

"Rigar kakanka da kake sawa ranar sallah, kana tafiya kamar kai ka saya. Aikin da ke wuyanta da aljihunta, zaren nan mai ruwan ƙasa da ba ya koɗewa, da me ka ɗauka aka yi shi?"

"Da zaren tsamiya mana. Kowa ya sani."

"Daga ina yake fitowa?"

"Daga... kanti?"

"Daga kantin uwaka. Ga shi nan a hannuna. Tsutsar wannan baƙuwar ce take taruwa ta saƙa gidan nan. A dafa shi da ruwan toka har ƙaiƙayin ya mutu, a wanke, a shanya, a ja shi a mazari. Zaren rigar nan ni na kaɗa shi, wata huɗu ina yi, ina da cikin ubanka. Mu tara ne masu kaɗin tsamiya a unguwarmu. Yanzu saura ni. Rabon da in taɓa irin wannan tun kafin a yi maka kaciya."

Yahuza ya dubi jakar, ya dubi bishiyar. Ya ɗan rage susa.

"To na ji. Amma wakena fa? Tsutsa ai tsutsa ce."

"Wadda ta ci wakenka bara, mai gashi ce?"

"A'a. 'Yar sumul ce, a cikin kwanso take zama."

"Wannan kuwa ka ji gashinta a jikinka. Kuma gidan nan na bara ne, ka ga tun bara suna nan kan bishiyar, ba ka ma san da su ba. Masu kawo mana gidajen nan kasuwar Wudil ranar Juma'a sun ce tsutsar ba ta barin bishiyarta. Ganyen tsamiya take ci, ta yi saƙarta, ta kwanta."

"Sun ce? Ke ba ki gani ba?"

"A ina zan gani? Ina cikin gida. A buhu ake kawo mana, daga dazukan kudu."

"Tsaya, tsaya. Wato duk shekarun nan kina kaɗa zaren, ba ki taɓa ganin mai yin sa ba?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa da kake ta fari da zane-zane ban gane komai ba. Ni gidan na sani. Ban ma san tana da fiffike ba."

Yahuza ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa. Ya tashi ya je jikin bishiyar, ya sa tsinke a hankali, ɗaya ta tako ta hau. Ya kawo ya ɗora mata a tafin hannu. Ƙwaron ya ɗan karkaɗa fikafikai ya lafe. Iya Uwani ta kai hannun dab da idonta na dama, wanda ya fi gani, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe a haka.

"Ashe haka kike," ta ce a hankali. "'Yar ƙarama da ke. Sannu da aiki, baiwar Allah. Mun daɗe muna tare ba mu gaisa ba."

Can nesa wani yana kora shanu.

"Yanzu in na bar su," in ji Yahuza, "da wane idon za ki yi kaɗin?"

"Wa ya ce maka da ido ake kaɗi? Da yatsa ake yi. Ka bar mini bishiyar nan damina biyu, in yi maka zaren hula da za ta rufe wannan sanƙon da ya fara leƙowa."

"In kuma na ga ko ɗaya a cikin wakena?"

"Ka zo ka ɗauke ni ka ajiye a kunyar gonar, in bi in tsince su da hannu."

"Ki tsince waken dai, ki ce tsutsa ce."

Ya yi dariya, ya ɗauki injin ya kai shi can bakin hanya ya ajiye, nesa da inuwar. Da ya dawo ya tarar ta mayar da baƙuwar jikin ɓawo, tana naɗe jakar a ganye.

"Shi ke nan, kin ci. Maganin ya jira wake ya yi fure, in sake aro injin. Tsamiya taki ce, da baƙinta. Yanzu faɗa mini maganin ƙaiƙayin nan kafin in fita da fata."

"Yana gida. Amma ɗazu ka ce ka ga wata jakar."

"Biyu ma na gani da na hau. Duk ba kowa a ciki."

"To hau ka sauko da su."

"Iya! Da wane hannun?"

"Da wanda bai fara ba tukuna."

Yahuza ya dubi hannunsa na hagu kamar mai yi masa ban kwana. Sannan ya tofa yawu a tafi, ya kama reshe.