Ranar da Babur Ɗina Ya Tsayar da Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Saratu ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin wani ƙauye da ke kusa da Fadan Kagoma ba za su bar ni ba. Har yau in na je can biki ko gaisuwa, sai an sami wata tsohuwa ta ƙura mini ido ta ce, "Ashe mai hon ne," ta kama dariya tun ba mu gaisa ba.

A tsakiyar shekarun saba'in ne. Ina saurayi, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kafanchan, ina kuma da ɗan ƙaramin babur irin wanda samari ke kira na mata, wanda na saya na hannu a wurin wani akawun jirgin ƙasa. A shekarar aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sai malaman makarantarmu suka shiga sayen manyan babura kamar ana rabawa kyauta. Malam Istifanus, mai aji shida, ya sayo wani baƙi mai salansa biyu. In ya tayar da shi a bakin ofishin hedimasta, har tagogi rawa suke yi. Nawa kuma in na tayar, sai ka ce wata ce ke ɗinki a ɗaki.

Ni ban canza ba, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili sai ya yi da-na-sani, don lacca nake yi masa. Nakan ce ƙaramin babur ba ya shan mai. Nakan ce duk bakaniken da ke ƙarƙashin mangwaro ya san cikinsa, kayansa kuma na nan a kasuwa, ba sai an aika Jos ba. Nakan ce da damina, in rafin hanyar ƙauyenmu ya kawo, mutum biyu sun isa su ɗaga shi su ƙetare, Malam Istifanus kuwa sai dai ya zauna a bakin ruwa yana kallon salansarsa. Nakan ƙara da cewa na san halin babur ɗina kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Duk wannan gaskiya ne. (Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne ƙannena biyu na makarantar kwana a wuyana, kuma in Malam Istifanus ya wuce ni a hanya, sai in bi babur ɗinsa da kallo har ya ɓace.)

Sai na yanke shawara: tun da ba zan sayi babba ba, zan mai da ƙaramin ya zama abin kallo.

Bakanikena sunansa Ayuba, wani mutum marar yawan magana da ke da rumfa a bayan kasuwa. Kowane ƙarshen wata sai in je masa da sabon tunani. Da fari muka sa kariya mai ƙarfi a baya, wadda za ta ɗauki buhun acca, wannan kam ta yi amfani. Muka sake wa sirdi soso da fata ja. Muka ƙara fitila. Daga nan hankali ya fara barina. Na sa madubi huɗu (biyu na kallon baya, biyu kuma ni kaɗai suke nunawa). Na rataya geza a hannuwan babur. Na sa aka rubuta "Sannu Ba Ta Da Laifi" a robar da ke tare taɓo. Kuma in faɗi gaskiya, akwai daɗi a cikin abin. Wanda ya sayi sabo sau ɗaya yake murna. Ni kuwa duk wata sabon babur nake hawa.

Ranar da na kai wa Ayuba hon ɗin babbar motar ɗaukar citta, wanda na tsinta a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, sai ya juya shi a hannu ya ajiye a ƙasa.

"Malam, wannan na gingimari ne. Batir ɗinka ba zai ɗauka ba."

"Sai mu sa batir ɗin mota a kan kariya."

"Kai da wa?"

"Ni da kai mana."

"Ni ba hannuna. In ya kama wuta, sunana za a kira."

Na ce a raina ai ni ma na koyar da ilmin kimiyya a aji biyar. Na koma gida na haɗa abina da kaina. Na sa kafinta ya yi mini akwatin katako, na zaunar da batir a ciki, na buga masa kwaɗo don ɓarayi. Wayoyin kuma na naɗe su da tsumma da robar tayar keke. Da na danna, kajin unguwarmu suka watse, mai gidan da nake haya ya fito da zane ɗaure a ƙugu. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba.

To, a lokacin ina neman Rifkatu, wata ɗaliba a kwalejin horon malamai, mai waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'arsu. Mahaifinta, Baba Dogara, dattijon ikilisiya ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba sai in yana cin rake. Ya san da maganata, amma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da auren yayarta Saratu ya matso, bayan Ista da mako biyu, Rifkatu ta ce mini, "Ka zo da wuri, ka zauna a gaba, ka yi shiru. Baba zai duba ka a ranar. Don Allah kada ka yi wani abu."

"Wane irin abu?"

"Kowane iri."

Ta kuma gaya mini wata damuwa da ke gidan. Kafin Saratu ta amince da angonta, wani malamin asibiti mai sanyin hali, akwai wani direban babbar mota da ya daɗe yana nemanta. Da aka ƙi shi, ya yi ta faɗa a tasha cewa ranar auren zai zo da motarsa har ƙofar majami'a. Saboda haka 'yan'uwan amarya maza suka shirya zama a bencin baya, kusa da ƙofa, ko da wani abu.

Ranar Asabar na ari kwat a wurin Malam Istifanus (e, shi ɗin dai), na ɗaura laktaye, na goge madubaina huɗu, na kama hanya. Na iso hadari na haɗuwa. Sauran masu babura duk sun ajiye nasu a ƙarƙashin wata ɗorawa can nesa. Ni kuwa na tura nawa har gindin tagar da ke daidai wurin zaman mawaƙa, don in Rifkatu ta waiga ta gan shi. Ban ɗaga kai na lura cewa daidai nan ne ruwan rufin kwano ke zubowa ba.

Aka fara sujada. Zumuntar mata, wato ƙungiyar matan majami'a, suka shigo da amarya da waƙa, ana buga tulu da kacau-kacau, majami'a ta cika har mutane na tsaye a baya. Ana cikin wa'azi ruwa ya sauko. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin kwano lokacin ruwan farko ya san ba a jin komai, bakin fasto kawai muke gani yana motsi. Can ruwan ya ɗauke lokaci ɗaya, wuri ya yi tsit, sai ɗigowar ruwa daga rufi. Fasto ya kira ango da amarya gaba, ya gyara tabarau, ya ce a hankali, "In akwai wanda ya san wani dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu a aure, ya faɗa yanzu."

Ya yi shiru, kamar yadda aka saba.

Sai hon ɗin babbar mota ya tashi a gindin taga. Kuma bai tsaya ba.

Abin da ya biyo baya ya faru da sauri. Wata mata ta ce, "Ya zo." Amarya ta saki furanninta ta fashe da kuka. Ango ya nemi benci ya zauna. 'Yan'uwan amarya suka yi waje a guje, ɗaya har da sandar da ake tokare ƙofa, matasa suka bi su. Ni kuwa na san muryar. Ai ni na haɗa ta. Amma na zauna daram, na sunkuyar da kai kamar mai addu'a, kuma addu'ar nake yi da gaske: Ubangiji, ka sa batir ɗin nan ya mutu. (Sabo ne. Ni na zaɓi mai ƙarfi.)

'Yan'uwan amarya suka zagaya majami'a suna neman gingimari, suka tarar da ɗan babur ɗina shi kaɗai, jiƙe sharkaf, geza na ɗiga, yana ta kururuwa ba kowa a kai. Ɗaya ya leƙo ta taga ya ce ba mota ba ce. Mawaƙa duka suka leƙa. Na ga Rifkatu ta leƙa, ta dawo da kai, ta rufe fuska da littafin waƙa.

Baba Dogara na zaune a benci na gabana. Ya juyo a hankali, ya kawo bakinsa kusa da kunnena don in ji.

"Malam, ba naka ne ke kuka ba?"

Na tashi. Daga inda nake zaune zuwa ƙofa ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawo irinta ba. Na isa wurin babur, na danna maɓallin, na ja shi, na buge shi, ruwa ya riga ya haɗa wayoyin a cikin tsumma. Na ce bari in cire kan batir. Akwati a kulle. Na laluba aljihu, sai na tuna mabuɗin na cikin wandon da na cire a Kafanchan. Na tuɓe laktaye na cusa a bakin hon, sai muryar ta koma ta saniya mai naƙuda. Mutane sun kewaye ni, kowa na ba da shawara, ba mai jin wani. Wani na cewa a kwantar da shi, wani na cewa a tura shi rafi.

Wadda ta cece ni ita ce Mama, uwar amarya. Ta fito daga majami'a da adonta na biki, ta wuce wurin da ake dafa shinkafa, ta karɓi wuƙar yanka albasa a hannun wata mata, ta zo ta ture ni gefe. Ta kama duk wayoyin da hannunta ya samu, ta yanke su gaba ɗaya kamar tana yankan alayyafo. Shiru ya sauka har kunne na ƙara. Ta miƙa mini guntayen wayoyin a hannu.

"Riƙe, ɗana. Mu je a gama auren."

Muka koma ciki. Na zauna a bencin ƙarshe, ba laktaye, kwat ɗin aro ya sha taɓo. Fasto ya jira kowa ya natsu, ya sake gyara tabarau, ya dubi jama'a.

"To. Ban da babur ɗin Malam, akwai wani?"

Majami'a ta fashe da dariya. Amarya na hawaye tana dariya, ango ya miƙe da ƙafafunsa, har mai sandar ƙofa ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin auren da aka ɗaura cikin farin ciki irin wannan ba. Direban kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba, daga baya aka ji yana Enugu da lodin citta.

A wurin cin abinci na ɓuya a bayan rumbu da kwanon shinkafata, ina tunanin ta inda zan sulale. Babur ba zai tashi ba, don Mama ta haɗa har da wayar filogi. Nan Baba Dogara ya same ni. Na miƙe na rusuna, na fara ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu.

"Wa ya haɗa maka wayan nan?"

"Ni ne, Baba."

"Na gani. Bakanike ba zai yi wannan ba." Ya dube ni sama da ƙasa. "Amma injin na da kyau. Na duba. Kana canza mai a kan lokaci."

"Ina ƙoƙari, Baba."

"Tsohon abu ne, ka riƙe shi da kyau. Wannan na gani." Ya tauna goro. "Hon ɗin nan, har ina ake jin shi?"

"Ya kai mil guda, Baba."

"Birai sun dame ni a gonan masara, can gindin dutse. In mutanenka za su zo gaisuwa, su zo da shi. Da batir ɗin."

Sai da ya juya ya tafi na gane abin da ya faɗa. Rifkatu, wadda ashe tana laɓe a ɗaya gefen rumbun, ta fito tana share hawayen dariya, ta ce, "Na ce kada ka yi komai." Ta ɗauke naman da ke kan shinkafata ta cinye, wai tara ce.

Washegari aka ɗora ni da babur a bayan motar itace zuwa Kafanchan. Ayuba ya dubi wayoyin, ya dube ni, ya kama aiki, sai da ya gama gyara ya tambaya ko wadda ta yi yankan na neman aiki. Na cire madubi biyu da geza, na bar kariya da sirdi. Babur ɗin ya ƙara shekara tara a hannuna, shi ya kai Rifkatu asibiti haihuwarmu ta fari. Da iyayena suka je gaisuwa kuwa, a cikin kayan da suka kai akwai goro, akwai gishiri, akwai akuya, akwai kuma hon ɗin gingimari a naɗe cikin sabon zane.

Abin da na koya bai da yawa. Ka gyara ƙaramin abinka yadda kake so, ba laifi, zai yi maka hidima fiye da yadda kake zato. Amma in bakanike ya ce ba hannunsa, kai ma cire naka. In kuma ka ƙi ji, to aƙalla ka ajiye babur ɗin a inda sauran mutane suka ajiye nasu.