Gwaggo Ta Tafi Bida

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara matan unguwarmu a tsakar gidan Gwaggo Kulu ba, wai su zo su ga aikin hannuna a talabijin. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar 'yan mata a nan Illela (ku riƙe wannan da kyau, a nan kunyar ta fi ciwo), kuma nakan rubuta labari a waya ina tura wa zaurukan mata shafi-shafi. Ɗaya daga cikin labaran ya yi farin jini, har wani kamfanin fim na Kano ya nemi izinin mai da shi shiri mai dogon zango.

Tauraruwar labarin, Hassi, ba kowa ba ce illa Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun ina ƙarama. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗawainiyarmu. Kullum da asuba sai ta aza kwandon albasa a ka ta taka har Konni, can tsallaken iyaka, ta dawo ƙafa duk faso. Mu nan idan mutum ya fita neman abin sawa a baka, cewa muke yi ya tafi biɗa. A labarin na ɓoye sunan garinmu da na Konni, don kada dangi su ce na tona asirin gida.

Gwaggo ba ta yi boko ba, ba ta taɓa sanin abin da na rubuta a kanta ba. Wannan shirin ne kaɗai hanyar da za ta gani da idonta cewa ban manta ba. Na ma yi mata alkawari da bakina: "Gwaggo, duniya za ta ga wahalar da kika sha."

Masu fim sun ce za su turo mini tsarin wasan in duba kafin a fara ɗauka, na ce musu ai ƙwararru ba sa bukatar gyara (gaskiyar magana, lokacin hankalina na wajen tela, ina ɗinka leshin da zan sa ranar kallo). Ranar kuwa na aro kujeru, na sa aka tayar da janareto, na dama zoɓo bokiti guda. Har jawabi na yi. Na ce wa mata su tanadi gefen mayafi, don yau za a sha kuka.

Aka fara. Wani ƙaton get ya buɗe, wata jibgegiyar jif ta fito. A kujerar baya ga wata mata fara sol, da tabarau, zinare har gwiwar hannu. Direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya Hassi, ina muka nufa?"

Ta ɗan yamutsa fuska ta ce, "Bida mana, kamar kullum."

Kafin in gama haɗiye yawu, sai ga Hassin tawa a kasuwar Bida tana cinikin farantan tagulla, har da gaisawa da Nufanci.

Inno, maƙwabciyarmu da bakinta ba ya hutawa, ta leƙo fuskar Gwaggo ta ce, "Kulu, yaushe kit tahi ƙasar Nuhwawa ba mu da labari? Kuma ina kib ɓoye motag ga?"

Mata suka fara ƙunshe dariya a mayafin da na ce su tanada don kuka. Gwaggo kuwa gyara zama ta yi. Ta zuba wa akwatin ido, ba ta ko ƙiftawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ɗauka na mai da wahalarta abin dariya a gaban matan da suka san ta da kwando a ka.

Nan take na kira daraktan, kuma don kowa ya shaida ba laifina ba ne, na buɗe muryar wayar har ƙarshe. Na wanke shi tas. Na ce su mutanen Kano ba su iya ganin mace da gumi ba sai sun shafa mata hoda. Na ce wa ya aike su Bida?

Bawan Allah ya bari na sauke numfashi, sannan ya ce, "Malama, ki yi haƙuri in karanto miki rubutunki. 'Kullum da asuba Hassi takan tafi bida, sai duhu take dawowa.' Mun zauna mun yi lissafi, daga ƙasar Sakkwato a je Bida a dawo rana ɗaya, ai ko da mota sai lafiyayya. Shi ya sa muka ba ta jif."

Na ce, "Biɗa! Biɗa nake nufi, neman abinci!"

Ya ce, "Au, mai ƙugiya? Ai babu ƙugiya ko ɗaya a littafin nan, Malama."

Jama'a, ni ce fa nake zaftare wa yara maki idan suka rubuta ɗa babu lanƙwasa. Kuma rabin matan da ke kan kujerun nan uwayen ɗalibaina ne. Tsakar gida ta kece da dariya, Inno har da faɗowa daga kujera tana riƙe ciki. Leshin nan nawa ya jiƙe sharkaf da zufa. Na ji kamar in shige bokitin zoɓo in rufe.

Don in tsira da ɗan abin da ya rage na mutunci, na ƙara ɗaga murya na ce to a tsayar da shirin, a sake ɗauka, a mai da Hassi ƙasa da kwandonta. Sai na ji an fizge wayar daga hannuna. Gwaggo ce.

Ta kai wayar bakinta ta ce, "Ɗan nan, kana jina? Ni ta Hassi. Kak ka kuskura ka hidda ni cikin motag ga."

Sannan ta juyo kaina, idonta cike da hawaye amma tana murmushi. "Ke, tahiya ƙasa da niy yi ba ta isa ba, sai kin koma aza min kwando duniya na kallo? Yau ɗiyata ta aza ni bisa mota, sannan ta ce a sauke ni?"

Inno da ke dariya ita ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, na rungume Gwaggo ina kuka ina dariya. Ita kuwa ta ture ni gefe ta ce ina tare mata kallo.

Daraktan ya ji komai. Daga baya suka ƙara wani kashi inda Hajiya Hassi ke tuna zamanin da take taka ƙasa da kwando, kuma tun daga nan babu shafin da ake ɗauka sai na duba shi. Gwaggo yanzu ko kasuwa ta shiga Hajiyar Bida ake ce mata, tana amsawa da ɗaga hannu kamar mai gaisuwa ta tagar mota.

Ni dai na koyi darasi. Yanzu ko saƙon cefane zan tura sai na bi kowace ƙugiya na lanƙwasa ta, don na ga yadda rashin guda ɗaya ya kai tsohuwa har ƙasar Nufe. Makin yara kuwa ina nan ina zaftarewa, sai dai ba na yarda mu haɗa ido da uwayensu.