Ƙahon Sallau

Shekara uku Dajin Kwargaba yana cikin yaƙi. Wani kyarkeci mai suna Gwaska ya yi wa Sarki Zaki tawaye, ya tare hanyar tafki, ya ƙone rumbunan jakuna. Da mayaƙansa suka ƙare, sai ya koma kwasar 'ya'yan awaki daga makiyaya, waɗanda ko yaye su ba a gama ba. Yakan ɗaura musu damin ciyawa a baya, ya cinna wuta, ya kora su cikin ƙauyuka. Wanda ya ƙi gudu, a gaban sauran ake cinye shi.

A shekara ta huɗu aka yi sulhu. Sarki ya rungumi Gwaska a bainar jama'a, ya naɗa shi Sarkin Zaman Lafiya, ya ba shi wurin zama a hagunsa. A damansa kuwa Kura ce, Madawakin daji, mai riƙe da mayaƙa da gidan yari. Sai dai jakunan da aka ƙone wa rumbu suna ta tambayar wa zai amsa laifin. Majalisa ta duba ta ga ba a hukunta mai sarauta, don haka aka kamo 'yan awaki tara da suka tsira daga sansanin Gwaska, aka zuba su a wani tsohon ramin dabgi, aka sa wani jaki mai suna Duna gadinsu.

Cikinsu akwai Sallau, ɗan wata akuya da ake kira Tabawa. Yana da wata biyu aka ɗauke shi. Bayansa duk tabon ƙuna ne, kuma in ya ji warin hayaƙi sai ya hau rawar jiki.

Alƙali Dila bai ɓata lokaci ba. Ya tambaye su ko su suka kai wutar, suka ce su ne. Bai tambayi wanda ya ɗaura ta ba, domin a cewarsa wannan batu sulhu ya riga ya rufe shi. Ya yanke musu hukuncin kisa, su tara. Har ya miƙe, sai magatakarda ya raɗa masa cewa tsohuwar dokar daji ta hana kashe dabbar da ƙahonta bai fito ba.

Aka kai maganar majalisa. Kura ta tashi ta gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wannan gwamnati ce mai bin doka, mai tausayin yara. Yara su ne manyan gobe, to mu jira goben. Mu tsare su cikin mutunci, mu ba su dusa da harawa har ƙahonsu ya kai tsawon ɗan yatsa. Ni da kaina zan riƙa auna su duk wata, kuma ranar zartar da hukunci ba zan ɗora wa kowa nauyin ba."

Ta haɗiye yawu ta zauna. Gwaska ya goyi baya, ya ƙara da cewa tarbiyyar yaran yanzu ta lalace ƙwarai.

Duk Juma'a ake barin iyaye su ga 'ya'yansu. Tabawa ta zo ta tarar Sallau ya yi ƙiba, ta shafa kansa ta ji wasu ƙulu biyu sun fara tasowa. Ba ta yi kuka ba. Juma'ar da ta biyo baya ta zo da dutsen goge kaushi a ƙarƙashin harawar da ta kawo masa. Ta danne kansa tsakanin ƙafafunta ta hau gurza. Sallau ya ce da zafi, ta ce ta sani, ya yi haƙuri ya yi shiru. Da ta gama ta miƙa wa uwar na kusa da shi dutsen. Duna gandiroba yana tsaye a bakin rami, ya juya musu baya, ya ce shi dai an ce ya hana fita, ba wanda ya ce ya hana uwa gyara wa ɗanta kai.

Wata shida Kura tana zuwa da tsinken awo tana komawa da fushi. Yaran sun girma, wasu har gemu ya fara fito musu, amma kansu sumul kamar ƙwarya. Ta kai ƙara majalisa, ta ce akwai zagon ƙasa daga maƙiyan ci gaba. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Dila. Kwamitin ya zauna sau goma sha ɗaya, ya ci tumaki huɗu, ya gano cewa sai an sake nazari. Wani hankaka ne a ƙarshe ya tsegunta wa Kura batun dutsen. Ranar aka hana ziyara gaba ɗaya, saboda lafiyar yaran.

Kafin damina ƙahon ya fito. Kura ta auna na Sallau har sau uku don daɗi, aka sa ranar Asabar.

Ana saura kwana biyu abubuwa biyu suka faru. Na farko, shamuwoyi suka sauka daga ƙasashen nesa, irin baƙin nan da ke zuwa duk damina su duba yadda ake riƙon fursuna, su rubuta, su tashi. Sarki yana jin nauyinsu, domin bakinsu na kai labari har inda gurnaninsa ba ya kaiwa. Na biyu, wani ƙanen Gwaska da bai sami sarauta ba ya ɗaga sabon tawaye a gabas, aka nemi mayaƙa, manyan dabbobi kowa ya ce ƙafarsa na ciwo.

Ranar Asabar filin fada ya cika. Jakuna sun zo da yawa, har da waɗanda aka ƙone wa rumbu. Duna ya fito da yaran a jere. Kura ta tashi, fuskarta kamar wadda aka ƙwace wa akushi, ta karanta sanarwa: Mai Martaba, saboda tausayinsa ga ƙananan yara, ya yi wa yaran tara afuwa. Kuma don ba su damar nuna godiya, an ɗauke su aikin soja, gobe za su wuce gabas.

Shamuwoyi suka gyaɗa kai suna rubutu. Maroƙi ya ɗaga murya zai fara kirari, sai Tabawa ta fito tsakiyar fili ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni jahila ce, a warware mini. Kwanan baya an auna Sallau an ce babba ne, ya isa yanka. Yau an ce yaro ne, shi ya sa aka ji tausayinsa. In yaro ne, a ba ni abina in kai shi gida. In babba ne, ga shi nan, a tambaye shi ko yana son zuwa."

Sarki ya dubi Dila. Dila ya ce lamarin na buƙatar kwamiti. Babbar shamuwa ta daina rubutu, ta ɗago kai tana kallon Sarki, ta ce su ma za su so su ji amsar, don su rubuta daidai. Sarki ya yi murmushin dole, ya ce ai a mulkinsa ba a tilasta wa kowa, ya umarci Sallau ya faɗi son ransa ba tsoro.

Sallau ya dubi Gwaska. Sannan ya ce:

"Na je sau ɗaya. Wancan ne ya kai ni. Gida nake so."

Na kusa da shi ya ce shi ma gida. Haka har na tara.

Ba wanda ya ce su tafi, ba kuma wanda ya ce kada su tafi. Tabawa ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, ta dungure ɗanta da kai, suka nufi ƙofa, sauran na biye. Duna ne a bakin ƙofar. Ya dubi Kura yana jiran umarni, Kura ta dubi Sarki, Sarki yana duban shamuwoyi. Sai Duna ya matsa gefe, da suka wuce ya bi bayansu. Wani tsohon jaki da aka ƙone wa rumbu biyu ya tashi ya shiga tsakaninsu da fada, sauran jakuna suka mara masa, har ba a iya hango ko ɗan akuya ɗaya a tsakiyarsu.

Da filin ya zama wayam, Sarki ya tambayi majalisa wa zai tafi gabas gobe. Kura ta ce ai zaman lafiya aikin Gwaska ne. Gwaska ya ce ai yaƙi aikin Madawaki ne. Daga nan su biyun suka juya a hankali suka zuba wa Sarki ido.