Shuɗiyar Jaririyar Sahib Landan

Kai, Allah ya yi likitoci a Multan, amma bai yi na biyun Dakta Tasawwur Bhutta ba. Mutum ne da in zai shigo ɗakin yara, turarensa ke fara duba marasa lafiya kafin shi ya iso. Wata shida kacal ya yi a Landan, ya dawo ya manta yadda ake shan mangwaro da hannu. Mu masu shara Sahib Landan muke ce masa, a bayan idonsa dai.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Akwai mujallar likitocin yara, wadda in likita ya ga ciwon da ba a saba gani ba sai ya rubuta a buga, na wani gari su karanta, ranar da ya zo musu su gane shi. Har Dakta Nighat da ke ƙarƙashinsa an buga nata sau uku. Shi kuwa ko sau ɗaya ba a buga nasa ba. Kuma ba a kiran mutum farfesa sai an ga sunansa a ciki.

Ana nan, tsakiyar zafi, sai ga Kausar, matar wani manomi, ta kawo 'yarta Rubab mai wata biyu da ɗan zazzaɓi. Sahib ya warware zanen da aka naɗe ta, ya ga baya da cinyoyi sun yi shuɗi. Leɓe kuwa ja, yarinya na tsotson nono ba ji ba gani.

Ya cire tabarau, ya mayar. "Jama'a, ku matso ku ga tarihi! Shuɗi a baya, babu a leɓe. Ko a Landan ban ga wannan ba. Daga yau sunansa Ciwon Tasawwur. Kada ruwa ya taɓa ta, kada a ɓata min hujja."

Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, sallama ba ta zo ba. Kwana tara ana ɗibar jini, ana ɗaukar hoto, shuɗi sai ƙaruwa yake in rana ta take. Sannan ya ce gobe za a kai ta Lahore a zura mata roba har cikin zuciya.

Kausar ta ce, "Sahib, yarinyar nan fa lafiyarta lau, har dariya take."

"Ke kika je Landan ko ni?"

Ya tara likitoci, da shayi da samosa, zai karanta musu shafi goma sha ɗaya da ya rubuta. Yana shafi na biyu sai ga Mai Sattan, uwar Kausar, daga ƙauye, tana ture manya da ƙullin kayanta.

"Wace ƙazama ce ta bar min jika kwana tara ba wanka?"

"Ke tsohuwa, kada ki taɓa!"

Ina! Ta riga ta tofa yawu a bakin mayafi, ta murza cinya. Ciwon Tasawwur ya biyo mayafi.

"Zanen da na kawo mata ne, ɗan nan, sabon rini. Kyautar kaka ai ba a wanke ta sai jariri ya yi gumi a ciki, kada albarkar ta bi ruwa. Kai uwarka da me ta naɗe ka, da jarida?"

Wani likita ya ƙware da shayi. Kafin la'asar Rubab ta sha wanka, ta tafi gida a bayan tarakta, ba Lahore ba roba.

Dakta Nighat ce ta rubuta labarin, rabin shafi. Cewa ta yi, in an kawo maka jariri shuɗi mai jan leɓe, ka jiƙa auduga ka goga kafin ka ɗauko allura. Aka buga, har da hoto. An ce daga Dhaka ma wani likita ya aiko da godiya, irin haka ta so kama shi.

Sahib ya sayi mujallar guda ashirin. Duk baƙon da ya shiga ofishinsa sai ya buɗe masa shafin, ya nuna gefen hoton, inda wani hannu ya riƙe ƙafar jaririya.

"Ka ga wannan babban yatsan? Nawa ne."