Ƙofar Yatsa Ɗaya

Wani ne ya dawo gida bayan shekara tara a waje. Bai zo da mota ba, bai zo da mata ba, shawara kawai ya cika jaka da ita. Duk abin da ya gani a gidan sai ya girgiza kai ya ce, "A can ba haka ake yi ba."

Babansa ya ba shi ɗakin da ke jikin nasa, bango ɗaya ya raba su. A ɗakin akwai wadrob ta ajiye tufafi a cikin bango, mai firam na ƙarfe da ƙofofi biyu. Idan ka buɗe ta hagu sai ta bugi gado, ta tsaya a rabi.

Mutumin ya kira Inna ya nuna mata.

Ta ce, "To ka matsar da gadon mana."

Ya yi murmushin tausayi. "Inna, a can ba a matsar da gado. Ƙofar ake canzawa. Mai zamiya zan sa, da yatsa ɗaya za ki tura ta gefe."

Baba na shirin fita kasuwa, ya leƙo. "Na ji ana maganar canji. Ka canza duk abin da ka ga dama. Amma ranar da ka fasa min bango, ka koma can ɗin da kake ta ba mu labari."

"Haba Baba, noti huɗu ne fa. Kafin ka dawo an gama."

Baba na fita, mutumin ya ɗauko sukundireba. Don ya sami wurin aiki ya tura gadon kamar taki ɗaya. Ƙofar hagu ta buɗe gaba ɗaya, har da ɗan kukan jin daɗi.

Inna ta ce, "Ga shi ta buɗe."

Ya ce, "Wannan ai ba gyara ba ne, dabara ce."

Ya cire ƙofofin. Ya duba firam sama da ƙasa, babu noti ko ɗaya. Ya je ya kira mai walda na bakin layi. Mai walda ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya ce, "Wannan tare da ginin aka sa shi. Akwai guntayen rodi a jikinsa, an binne su a bango. Ka bar shi, in ɗora maka layin da ƙofar za ta riƙa zamewa a kansa."

"A can cirewa ake yi."

"A can ɗin ka taɓa cirewa?"

"Na ga ana yi."

Mai walda ya ba shi aron guduma da kurfi, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tafi da sauri.

Rodin farko ya fito da siminti kamar dunƙulen hannu. Na biyu ya fito da rabin bulo. Na uku yana ɓangaren ɗakin Baba, ya ƙi motsi. Mutumin ya dafa ƙafa a bango, ya ja da dukkan ƙarfinsa. Sai ga shi zaune a kan gado, firam a wuya, bulo uku a cinya.

Da ƙura ta lafa ya leƙa ramin. Wani yadi ya gani shuɗi. Ya taɓa. Bayan babbar rigar Baba ce, wadda ke rataye a ƙusa ta ɗaya gefen.

Ya zura hannu ya gyara wa rigar zama har ta rufe ramin. Ta nasa gefen kuma ya manna kwali, ya shafa masa farin fenti. Ya ja da baya ya duba, ya ce a ransa, ko injiniya sai ya sa tabarau.

Kafin la'asar ya ɗaura layi sama da ƙasa, ya ɗora sababbin ƙofofi, ya zuba wa tayoyinsu mai har yana ɗiga. Ya share ɗaki, ya tura bulon ƙarƙashin gado, ya canza riga.

Baba ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya shigo. Inna na bayansa.

"Ina abin?"

"Ga shi, Baba. Ka sa yatsa ɗaya. Amma a hankali."

Baba bai taɓa tura komai a hankali ba a rayuwarsa. Ya sa yatsa ya ingiza. Ƙofa ta tashi kamar an biyo ta. Ta yaga kwali, ta ture sauran bulon da ke jiran dalili, ta ɗauki babbar riga a ka, ta wuce. Sai da ta je gefen gadon Baba ta jingina, kusa da rediyonsa.

Daga inda suke tsaye ana hango matashin Baba da butarsa.

Baba ya dubi yatsansa, ya dubi ramin, ya dubi ɗansa.

"Lallai da yatsa ɗaya," in ji shi. "To, ɗauko jakarka. Ta wacce za ka fita, tsohuwar ko sabuwar?"