Madubin Da Na Yi Musaya A Ƙofar Kwaya

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka zaunar da ni gaban wani mai gari kamar ɓarawon akuya ba, da furfurata da komai.

Bayan na yi ritaya, likita ya ce sukari ya kama ni, sai na riƙa tafiyar ƙafa. Na shiga cikin wasu tsofaffin ma'aikata da ke fita tattaki duk Asabar, wani lokaci har mu bar Katsina mu je hawan dutse. Ɗiyata Hauwa, ma'aikaciyar jinya, ta fi kowa murna. Da albashinta na farko ta sayo mani madubin hangen nesa, ɗan ƙarami, ana naɗe shi ya shige aljihun riga. Ta ce sati biyu ta yi tana bincike kafin ta zaɓa.

"Baba, ba shi da nauyi," in ji ta. "Babba yana gajiyar da wuya, kuma in hannu ya gaji sai abin da ake kallo ya yi ta rawa."

Na sa mata albarka, amma a raina na rena shi. Ni da na riƙe sashe guda a ofis zan fito gaban abokai da abin wasan yara? (Girman kai bai yin ritaya tare da mutum.) Washegari na lallaɓa shagon da ta saya a Ƙofar Kwaya, na mayar da shi, na yi ciko aka ba ni wani ƙato baƙi, kowane ido kamar gwangwanin madara. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan fa sai da abin ɗorawa." Na ce ya bar ni da kayana. Na ɓoye shi a bayan mota, don abin da ba na so a duniya shi ne Hauwa ta sani.

Ranar Asabar muka nufi wani dutse wajen Dutsin-ma. A ƙasa kowa ya yaba madubin, ni kuwa sai hura hanci nake. Kafin mu kai rabi igiyar ta fara yanka mani wuya, abin yana dukan ƙirjina duk taku. Na ce wa abokai su wuce, zan tsaya in more kallo. (Numfashi nake nema.) Na zauna ni kaɗai a kan wani falalen dutse, na ɗaga madubin na saita wani ƙauye da ke ƙasa. Hannuna na karkarwa, ban ga komai ba sai bukkoki suna tsalle.

Su kuwa mutanen ƙauyen sun gan ni sarai. A wannan zamani na rashin tsaro, ga baƙo a kan dutse da ƙaton madubi yana leƙen gari. Ban ankara ba sai ga 'yan sintiri uku a kaina. Suka karɓe madubin, suka tasa ni gaba har ƙofar mai gari.

Mai garin dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce in kira wanda zai shaide ni. Wayoyin abokaina ba sa shiga a can sama, dole na kira Hauwa. Bayan awa ɗaya da wani abu ta iso da kayan aikinta a jiki, idonta ya yi ja. Ta durƙusa ta gaida mai gari. Ya nuna ni, ya nuna madubin da ke kan tabarma.

"Yarinya, kin san su?"

"Ranka ya daɗe, wannan mahaifina ne. Madubin dai ban san shi ba."

Kowa ya juyo gare ni. A gaban mutum fiye da ashirin na buɗe baki na ba da labarin musayar tun daga farko, har da dalilina. Mai gari ya yi dariya har da share hawaye, ya ce in dawo duk ranar da nake so, amma in fara shigowa mu gaisa. Hauwa ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mani ciwo.

A mota na ce ta yafe mani. Sai ta ce, "Baba, ni ba don abokanka su yaba na saya ba. So nake ka riƙa kaiwa saman dutsen, ka daɗe tare da mu."

Ranar Litinin muka koma shagon tare, muka yi sa'a ba a sayar da ƙaramin ba, muka karɓo shi. Yanzu ina kaiwa har sama, sukarin ma ya fara sauka. Abin da na koya shi ne, in za ka zaɓi kayan tafiya, kada ka shawarci girman kanka, don ba shi zai ɗauka ba. Wuyanka ne zai ɗauka.