Tantabarar Farfesa Gagara-Ido

Daga Kazaure har Babura, ka biyo ta Roni ka faɗa Gwiwa, babu ɗan dabon da ya kama ƙafar Farfesa Jalaluddeen Gagara-Ido. Wannan ba jita-jita ba ce, shi da bakinsa ya faɗa. Farfesancin ma bai wahalar da wata jami'a ba. Wata safiya ya dubi madubi, ya ga ya cancanta, ya ba kansa. Shi ne shugaban Ƙungiyar 'Yan Dabo ta yankin, gagarumar ƙungiya mai mambobi har biyar, in an haɗa da shi.

Babban abin da ya ɗaukaka shi kuwa shi ne shiga. Baƙar kwat har ƙwauri, doguwar hula irin ta Turawan da, farar safar hannu da 'yar sanda. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da awaki ma ke neman inuwa, haka yake fita, gumi na bin sa har cikin takalmi. 'Yan acaɓan Kazaure na kiransa Baba Kwat, amma sai ya ba da baya.

Ana nan sai ga Shatu, wata mai sayar da fura da nono a kasuwar Gwiwa. Ita dabonta a gidajen biki da suna take yi, kayan aikinta ƙwarya da faifai da ludayi. Za ta zuba gero a ƙwarya ta rufe, ta ɗan yi kiɗa da waƙa, ta buɗe sai ga curin fura. Mata suka kai labarinta har Babura. Yanzu katin ƙungiya take nema, don shugabannin makarantu ba sa gayyatar wanda ba shi da kati zuwa bikin ƙarshen shekara. Waɗannan bukukuwan kuwa shekara da shekaru na Farfesa ne shi kaɗai, kuma hankalinsa ya tashi ƙwarai da ya ji wata za ta sa ƙafa a ciki.

"Baiwar Allah," in ji shi, yana gyara safa, "dabo ilimi ne, ba aikin madafi ba. Ina kwat ɗinki? Ina hularki? Dokarmu ta ɗaya, wadda ni na rubuta da hannuna, cewa ta yi sai wanda ya fito da tantabara a gaban jama'a ne ɗan dabo. Ranar kasuwar Gwiwa zan zo in nuna miki yadda ake yi, ki gani ki haƙura."

"Allah ya kai mu, ranka ya daɗe," in ji Shatu.

Sai dai akwai 'yar matsala. Tsohuwar tantabarar Farfesa, wadda ta saba kwanciya a aljihun ciki na kwat, mage ta yi kalaci da ita a makon. Da safiyar ranar ya zaga inda ake sayar da tsuntsaye, ya zaɓi wata fara fat a hannun wani mai suna Sama'ilu. Mutumin ya ce, "Yallaɓai, a ɗaure mata fiffike ko a rage gashin, sabuwar tantabara gida take komawa." Farfesa ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce tantabarar Farfesa ba ta bayyana a fige kamar kazar miya. Babban mutum ba ya tsayawa tambayar mai tantabara ko shi mijin wace ce.

Bayan la'asar jama'a suka yi da'ira a bakin kasuwa. Mambobi huɗu suka zauna a benci, magatakarda Kawu Ashiru na riƙe da hatimi. Shatu na gefe a kan tabarma da ƙwaryarta. Farfesa ya cire hula ya nuna wa kowa cikinta wayam, sannan ya shiga jawabi, domin a ganinsa dabo babu jawabi cin fuska ne ga ilimi.

"Jama'a, abin da za ku gani yau ko a manyan birane sai an yi dace. Ku bar ruɗin masu ƙwarya da ludayi."

Jawabi ya yi tsawo. Shatu ta gaji da zama, ta ɗauki ludayi ta fara ƙwanƙwasa ƙwarya a hankali, kamar yadda take yi kowace safiya in za ta watsa wa tantabarun gidanta gero. Can cikin zafin kwat tantabara ta ji kiran kalaci. Ta murɗa, ta kutsa, ta ɓullo ta bayan wuyan Farfesa, ta tashi fir ta sauka a bakin ƙwaryar uwar ɗakinta.

Kowa ya gani, ban da mutum ɗaya. Farfesa ya ɗauka shewar da jama'a ke yi tasa ce. Ya rufe ido, ya kaɗa sanda sau uku, ya zura hannu cikin kwat da gwaninta, ya lalube aljihu, ya sake lalubewa. Abin da ya fito da shi ɗan farin gashi ne guda da wani danshi a safa.

"Ranka ya daɗe," in ji Shatu cikin ladabi, "ko wannan ake nema?"

Ta kifa faifai a kan tsuntsuwar, ta yi 'yar waƙarta, ta ɗaga babu komai, ta buɗe wata ƙwaryar sai ga ta tana tsattsagar gero. Kasuwa ta ruɗe da tafi.

Kawu Ashiru ya matso kusa da kunnen shugaba. "Ranka ya daɗe, doka ta ɗaya. Ta fito da tantabara a gaban jama'a."

Farfesa ya auna abin, don sai yanzu ya gane Sama'ilu mijin Shatu ne. In ya ce tsuntsuwar ai ta gidansu ce, sai ya bayyana inda ya samo ta da inda ya ɓoye ta. Ya share gumi, ya ɗaga murya ya ce dama shi ya shirya duk wannan don ya gwada ɗalibarsa, kuma ta ci. Aka buga hatimi.

Da bikin ƙarshen shekara ya zo a wata makaranta a Roni, an gayyace su tare, ba a wulaƙanta shugaba ba. Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya sanar da cewa yau ga Shatu Mai Ƙwarya daga Gwiwa, tare da wani dattijo mai kwat da zai riƙe mata faifai.